Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ɗinke Magana a Harshen Bashkir

Tun da na ambata a wannan fili cewa na yi shekara shida a birnin Ufa na ƙasar Rasha, kuma a can na tsinci harshen Bashkir daga bakin masu shi, wasiƙu suka riƙa shigowa jefi-jefi. Na ware guda biyar da suka faɗo kan abu ɗaya, wato ƙananan kalmomin nan da ke ɗinke magana, irin su "da", "amma", "ko", "domin" da "idan". Malaman nahawunmu suna ce musu mahaɗai, Bashkirawa kuma suna cewa теркәүес (terkäwes).

Ga wanda bai san wurin ba, Bashkortostan jamhuriya ce a cikin Tarayyar Rasha, tsakanin kogin Volga da duwatsun Ural, kuma Ufa ce babban birninta. Harshen ɗan dangin Turkanci ne, ɗan'uwansa na kusa shi ne Tataranci. A ƙidayar da Rasha ta yi a 2010, masu jin sa sun haura miliyan ɗaya. Yawancin Bashkirawa Musulmi ne, kuma a da da haruffan Larabci suke rubutu, kamar ajaminmu, kafin a koma haruffan Latin wajen 1930, sannan haruffan Rasha a 1940. Yau haruffansu 42 ne: 33 na Rashanci da 9 nasu na kansu. Zan riƙa sa yadda ake furta kalma a cikin baka biyu. Inda na rubuta dh, ذ ce ta Larabci, gh ita ce غ, ƙ kuma ق. Wasalin ä yana tsakanin a da e. Shi ı marar ɗigo gajere ne, daga can baya yake fitowa. Su ö da ü kuwa, a zagaye leɓe kamar za a ce o da u, amma harshe ya matso gaba.

Tambaya, daga wata ɗaliba 'yar Zariya da ke shekarar share fage a Ufa: Malam, barka da aiki. Rashanci ake koya mana a aji, amma abokiyar ɗakina 'yar Bashkir ce, ina so in riƙa yi mata magana da harshenta. Na ga an rubuta cewa һәм shi ne "da" ko "kuma". Ina sa shi ko'ina, amma ita in tana waya da mahaifiyarta da ƙyar nake jin ta faɗe shi. Kuskure nake yi?

Amsa: 'Yata, ba kuskure kike yi ba, amma kunnenki ya gaya miki gaskiya, kuma na ji daɗi da kika lura. Kalmar һәм (häm) daidai take. Tana haɗa suna da suna, tana haɗa jimla da jimla. Za ki gan ta a jarida, a allon ma'aikatu, a littafin makaranta, za ki ji ta a labaran talabijin. Sai dai a hirar gida ba ita ke ɗaukar nauyin aikin ba. Abubuwa biyu ne ke ɗauka, kuma dukansu Hausarki ta riga ta koya miki su.

Na farko shi ne менән (menän). Ki ɗauke ta a matsayin "da" ɗinmu sak. Mu muna cewa "Baba da Inna", muna cewa "na tafi da shi", muna cewa "na rubuta da alƙalami", duk da kalma ɗaya. Haka su ma. Атай менән әсәй (atay menän äsäy), uba da uwa. Бал менән сәй (bal menän säy), zuma da shayi, wanda ba za ki shiga gidan Bashkir ki fito ba a ajiye miki shi ba, don ƙasar ta shahara da zuma. Ҡәләм менән яҙам (ƙäläm menän yadham), ina rubutu da alƙalami. Abin da za ki kiyaye shi ne wurin zamanta. In tana haɗa abu biyu, tsakiya take shiga kamar tamu. In kuwa tana nufin "tare da" ko abin da aka yi aiki da shi, bayan kalmar take zuwa: su "alƙalami da" suke cewa inda mu muke cewa "da alƙalami". Wakilin suna kuma yana ɗan canza siffa a gabanta. "Ni" shi ne мин (min), amma "da ni" минең менән (mineng menän) ne, "da ke" ko "da kai" һинең менән (hineng menän), "da shi" ko "da ita" уның менән (unıng menän). Harshen ba ya bambanta namiji da mace, wannan kam ya rage miki wahala.

Kuma kamar yadda Bahaushe ba ya cewa "na je da na dawo", haka менән ba ta haɗa aiki da aiki. A nan ne abu na biyu ya shigo, kuma shi ne nake so ki fi ba ƙarfi.

A hutun hunturu na shekarata ta biyu, wani abokin karatuna ya tafi da ni ƙauyensu a yankin Baymak, can kudu maso gabas, inda har yanzu Bashkir ne harshen titi da na kanti. Wata safiya na fita cikin ƙanƙara na sayo burodi. Da na dawo na so in gaya wa mahaifiyarsa, wadda nake kira инәй (inäy) kamar yadda ake kiran dattijuwa don girmamawa, sai na jera mata aikatau uku, kowanne na ɗaure shi da һәм: na je kanti häm na sayi burodi häm na dawo. Ta fahimce ni sarai. Tana zuba mini shayi ta maimaita maganar a hankali yadda su ke faɗinta: Магазинға барып, икмәк алып ҡайттым (magazingha barıp, ikmäk alıp ƙayttım). Babu häm ko ɗaya. Ina jin haka na gane ai maganarmu ce: "Na je kanti na sayi burodi na dawo." Mu ma ba mu sa komai a tsakani. Turanci da Rashanci ne suka saba mini da neman wata kalma da zan cusa.

Ga yadda abin yake aiki. Ana ɗafa wa ƙeyar aikatau -ып, -еп, -оп, -өп, ko -п kawai idan tushen ya ƙare da wasali. Бар (bar), je, ya zama барып. Кил (kil), zo, ya zama килеп. Аша (asha), ci, ya zama ашап. Duk ayyukan da suka gabata da wannan wutsiya suke tafiya, aikatau na ƙarshe ne kaɗai ke nuna wanda ya yi da lokacin da aka yi. Nan suka rabu da mu, don mu kowane aikatau yana tafe da "na" ɗinsa. Ул өйгә инеп, сәй эсте (ul öygä inep, säy este): ya shiga gida ya sha shayi. Инеп ba ta gaya miki ko wane ne ya shiga ba, sai kin kai эсте za ki san mutum ɗaya ake nufi, kuma abin ya wuce. Saboda haka dole ki koyi haƙurin jiran ƙarshen jimla, domin a harshen nan aikatau ne ke rufe ƙofa. A matsayinki na mai farawa, ki yi amfani da wannan wutsiya idan mutum ɗaya ne ya yi ayyukan a jere.

To yaushe za ki ɗauko һәм? Idan kina rubutu, ko kina jero abu uku ko fiye, sai ki raba su da waƙafi ki sa ta kafin na ƙarshe. Da abokiyar ɗakinki kuwa, менән da -ып za su kai ki nesa.

Tambaya, daga wani malamin sakandare a Katsina: Ranka ya daɗe, ni sha'awa ce kawai ta sa nake koyon harsunan Turkawa ta intanet. Na ga да, дә, та, тә, ҙа, ҙә, ла, лә, an ce duk kalma ɗaya ce. Yaya kalma ɗaya za ta yi fuska takwas? Kuma ita ce "da" ɗinmu?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. In fara da ta biyun: a'a, kamannin sauti ne kawai, kuma tarko ne ga Bahaushe. Wannan да ta fi kusa da "ma" ɗinmu, har wurin zamansu ɗaya, bayan kalma. Мин дә (min dä), ni ma. Ул да (ul da), shi ma. Беҙ ҙә (bedh dhä), mu ma.

Fuskoki takwas ɗin kuwa, tambaya biyu ce kawai take haifar da su. Ta farko, wasulan kalmar da ta gabata na baya ne ko na gaba? In na baya ne, irin а, о, у, ы, sai ka ɗauki mai а. In na gaba ne, irin ә, ө, ү, е, и, sai ka ɗauki mai ә. Wannan jituwar wasula ita ce ƙashin bayan harshen gaba ɗaya, kusan kowace ɗafa-ƙeya tana bin ta. Tambaya ta biyu, da wane sauti kalmar ta ƙare? In da wasali ne, ла ko лә. In da л, м, н, ң, з, ж ne, да ko дә. In da й, р, ҙ ne, ko у mai sautin w, ҙа ko ҙә. In da baƙi marar ziza ne, irin к, ҡ, п, т, с, ш, sai та ko тә.

Na san a takarda abin yana kama da lissafi. Ni abin da ya zaunar mini da shi jimla ɗaya ce da na haɗa daga abin da ke kan teburin karin kumallo, na yi ta maimaita ta har baki ya saba: Икмәк тә, бал да, май ҙа, алма ла бар (ikmäk tä, bal da, may dha, alma la bar). Akwai burodi, akwai zuma, akwai man shanu, akwai tuffa. Baƙaƙen nan huɗu duk suna ciki. Ka haddace ta, duk lokacin da ka yi shakka ka koma ka gwada kalmarka da ɗaya daga cikin huɗun. Ka kuma lura cewa idan aka maimaita ta haka, tana yin aikin da "da" ɗinmu ke yi a jeri, kamar mu ce "da gero da dawa da masara". In jimlar ta korewa ce sai ta ba da ma'anar babu wannan babu wancan: Сәй ҙә, һөт тә юҡ (säy dhä, höt tä yuƙ), babu shayi babu madara.

Kada ka ga abin baƙo ne ƙwarai. Mu ma muna rubuta "gidan Bala" amma bakinmu "gidam Bala" yake faɗi, kuma ku a Katsina kun fi kowa sanin yadda -r ta "rigar" ke narkewa cikin baƙin da ke biye da ita. Bambancin shi ne su suna rubuta canjin. Wahalar kuma ba ta tafiya a banza, don ƙa'idar nan ɗaya ce da ta jam'i: бала, балалар (bala, balalar), yaro da yara; урман, урмандар (urman, urmandar), daji da dazuzzuka; ҡыҙ, ҡыҙҙар (ƙıdh, ƙıdhdhar), yarinya da 'yan mata; ат, аттар (at, attar), doki da dawaki. Ka koyi ɗaya ka sami biyu.

Akwai wani amfani nata da nake ƙauna. Tana shiga tsakanin aikatau biyu ta nuna na biyun ya biyo nan take: Килде лә китте (kilde lä kitte), zuwansa ke da wuya ya tafi. A rubuce kuma ita kaɗai take tsayawa, ba a manna ta da kalmar da ta gabata.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam, yarona ya nuna mini bidiyon wani limami na can yana wa'azi, na ji da kunnena ya ce "amma". Su suka ara a wurinmu, ko mu muka ara a wurinsu?

Amsa: Alhaji, kunnenka bai yaudare ka ba. Әммә (ämmä) ce, kuma ma'anarta ɗaya da tamu. Amma babu wanda ya ara wurin wani, rijiya ɗaya muka ɗebo, wato Larabci. Musulunci ya daɗe a yankin kogin Volga. A shekarar 922 Ahmad ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar da halifan Bagadaza ya aika wa sarkin Bulgar na Volga, ya ratsa ƙasar Bashkirawa ya kuma rubuta labarinsu. A lokacin ba su musulunta ba, daga baya addinin ya bazu a cikinsu, ya zo da makarantu da littattafai na Larabci da Farisanci.

Shi ya sa in ka saurara za ka tsinci 'yan'uwan kalmominmu da yawa. Китап (kitap) littafi ne, ҡәләм (ƙäläm) alƙalami, ваҡыт (waƙıt) lokaci, хәбәр (khäbär) labari, донъя (donya) duniya. Mu mun haɗiye "al" ta Larabci a cikin wasu, su kuwa sun bar ta a waje. A cikin mahaɗai, ban da әммә akwai хатта (khatta), wato hatta, da йәғни (yäghni), wato ya'ani, da ләкин (läkin), wadda 'yan'uwanmu Hausawan Sudan da Cadi suke ji kullum a bakin masu Larabci. Wasu kuma daga Farisanci suka zo, irin һәм, әгәр da сөнки. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake gaya wa masu koyo cewa jerin mahaɗan da ke cikin littafi yawancinsu baƙi ne da suka zama 'yan gida. Tsohuwar hanyar harshen ta haɗa magana tana wutsiyar aikatau.

Tunda ka taɓo "amma", bari in bambanta maka su, don ba duka ne ke shiga wuri ɗaya ba. Әммә da ләкин kusan ɗaya ne, ana sa waƙafi kafin kowannensu. Ул ярлы, әммә йомарт (ul yarlı, ämmä yomart): talaka ne amma mai kyauta. Көн һалҡын, ләкин ҡояшлы (kön halƙın, läkin ƙoyashlı): ana sanyi amma akwai rana. Sai тик (tik), wadda ita ce "sai dai" tamu: Барыр инем, тик ваҡытым юҡ (barır inem, tik waƙıtım yuƙ), da na je, sai dai ba ni da lokaci. Sai kuma ƙaramar nan, harafi ɗaya tal, ә (ä), wadda masu koyo suka fi raina wa alhali ta fi sauran yawo a baki. Ba musu take yi ba, jera abu biyu take yi gefe da gefe, daidai da "kuwa" a Hausa. Мин Канонан, ә ул Өфөнән (min Kanonan, ä ul Öfönän): ni daga Kano nake, shi kuwa daga Ufa. In ka sa әммә a nan, sai maganar ta yi nauyi, kamar akwai wata matsala a zamansa ɗan Ufa. Da ita ake mayar da tambaya ma: ә һин? (ä hin), kai fa?

Tambaya, daga wani ɗalibin injiniya ɗan Bauci: Malam, a taƙaice, yaya ake cewa "ko"?

Amsa: Ƙanena, "ko" ɗinmu jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa, su sun rarraba kayan. In zaɓi ne a cikin magana ta yau da kullum, йәки (yäki): Сәй йәки һөт ал (säy yäki höt al), ɗauki shayi ko madara. In tambaya ce, әллә (ällä), kuma kowane ɓangare yana ɗaukar alamar tambaya a ƙeyarsa: Сәй эсәһеңме, әллә һөтмө? (säy esähengme, ällä hötmö), shayi za ka sha ko madara? In "ko dai kaza ko kaza" ne, йә sau biyu: Йә бөгөн, йә иртәгә киләм (yä bögön, yä irtägä kiläm), ko yau ko gobe zan zo. "Ko da" kuwa yana cikin amsa ta gaba.

Tambaya, daga wata likita 'yar Sakkwato da ta yi karatu a Turkiyya: Malam, ina jin Turkanci, kuma aiki zai kai maigidana Ufa. Na ga әгәр da сөнки sun yi kama da eğer da çünkü. Zan iya ɗora Turkancina a kai kai tsaye? Kuma mece ce тип da nake gani a tsakiyar jimloli?

Amsa: Hajiya Likita, kin shigo da jari mai yawa. Ginin jimlar ɗaya ne, abin da zai ba ki aiki shi ne sauti. Inda Turkanci ke da ç, Bashkir yakan sa с, shi ya sa çünkü ta zama сөнки (sönki), çay ya zama сәй. Inda Turkanci ke da s a farkon kalma ko a ɗafa-ƙeya, Bashkir yakan sa һ: sen ya zama һин (hin), gelse ya zama килһә (kilhä). Wannan һ ita ce tambarin harshen, da ita ake saurin bambanta shi da Tataranci, wanda za ki ji shi sosai a Ufa shi ma. Wuri ɗaya zan ja miki kunne: hem ta Turkanci an fi sanin ta a tagwaye, hem kaza hem kaza, amma һәм ta Bashkir ita ce ke zaune a gurbin ve, wato "kuma" ta Turkanci. Ile ta Turkanci kuma ita ce менән.

Saboda sauran masu karatu da ba su jin Turkanci, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Әгәр (ägär) ita ce "idan", amma ba ita ke riƙe da sharaɗin ba. Ɗafa-ƙeyar -һа ko -һә da ke jikin aikatau ce ke riƙe da shi. Әгәр ваҡытым булһа, килермен (ägär waƙıtım bulha, kilermen): idan na sami lokaci zan zo. Kina iya jefar da әгәр jimlar ta tsaya da ƙafarta, kuma a hira haka aka fi yi. In kika jefar da -һа kuwa, jimlar ta rushe. Wannan shi ne kuskuren da na fi ji a bakin ɗalibanmu, domin Hausa da Rashanci duk sun saba mana da cewa kalmar farko ta wadatar. Hanyar tunawa mai sauƙi ita ce maganar da za ki ji sau goma a rana: Алла бирһә (Alla birhä), in Allah ya bayar, wato in Allah ya yarda. Babu әгәр a ciki, sharaɗin yana wutsiya. Tana kuma bin mai magana: килһәм in na zo, килһәң in kin zo, килһәк in mun zo.

Ki ƙara mata ла ko лә ɗin da muka yi bayani a sama, sai ki sami "ko da": Ямғыр яуһа ла, барабыҙ (yamghır yawha la, barabıdh), ko da an yi ruwa za mu je.

Dalili kuma hanya uku ake bi. Сөнки tana zuwa bayan abin da ya faru, ta kawo dalilinsa, kamar "domin": Мин килмәнем, сөнки ауырыным (min kilmänem, sönki awırınım), ban zo ba domin na yi rashin lafiya. Шуға күрә (shugha kürä) ta juya tsarin, dalili a gaba sakamako a baya, ita ce "shi ya sa": Ямғыр яуҙы, шуға күрә өйҙә ҡалдыҡ (yamghır yawdhı, shugha kürä öydhä ƙaldıƙ), an yi ruwa shi ya sa muka zauna a gida. Ta ukun ita ce ta ɗan gida, inda ake naɗe dalilin a jikin aikatau: Ауырығанға күрә килмәнем (awırıghangha kürä kilmänem), saboda rashin lafiya ban zo ba. Ki fara da biyun farko, amma ki horar da kunnenki kan ta ukun, don marasa lafiya tsofaffi daga ƙauye, in Allah ya haɗa ki da su, da ita za su fi yi miki bayani.

Haka "da" ta lokaci. Mu mukan ce "da na zo Ufa sai na fara koyon Bashkir". Su babu wata kalma a gaba, wutsiya ce, -ғас, -гәс, -ҡас, -кәс: Өфөгә килгәс, башҡортса өйрәнә башланым (Öfögä kilgäs, bashƙortsa öyränä bashlanım). "Har sai" ma wutsiya ce: Мин килгәнсе көт (min kilgänse köt), jira har in zo.

Yanzu ga тип (tip), wadda kika tambaya. Ita ce diye ta Turkanci, kuma a wurina ita ce kalmar da ta fi kowace kusantar da harshen nan da namu. Daga aikatau ти, "ce", aka samo ta, da wutsiyar -п ɗin nan ta jera aiki. Mu ma daga "ce" muka samo "cewa". Harsuna biyu da babu dangantaka tsakaninsu, dubban kilomita a tsakani, sun bi hanya ɗaya wajen ɗauko maganar wani su sa a cikin tasu. Ranar da na gane haka na daɗe ina juya abin a raina.

Sai dai akwai bambanci biyu. "Cewa" tana gaban maganar da aka ɗauko, тип tana bayanta, ita ce ke rufe ta. Sannan maganar tana yawan zama yadda mai ita ya faɗe ta, ba a juya ta. Ул иртәгә киләм тип әйтте (ul irtägä kiläm tip äytte). Kalma da kalma: shi, gobe ina zuwa, cewa, ya faɗa. Mu za mu ce "ya ce zai zo gobe". Mai koyo yana jin киләм, "ina zuwa", sai ya ɗauka mai maganar ne zai zo, alhali wancan ne. Duk inda kika ji тип, ki koma baya ki sa wa abin da ya gabace ta alamar zance a zuciyarki, sai ma'anar ta fito. Da ita ake faɗin tunani ma, da ita ake faɗin niyya: Һине күрәйем тип килдем (hine küräyem tip kildem), "bari in gan ki" na ce na zo, wato na zo ne don in gan ki. Bahaushe yakan faɗi irin wannan sak: na ce bari in zo in gaishe ki.

Abu ɗaya zan gaya miki tun kafin ki sauka, don kada ranki ya ɓaci. A titunan Ufa Rashanci ne ya fi yawa, ko da yake za ki ga sunayen tituna da allunan ma'aikatu da harsunan biyu. In kina son jin Bashkir a kai a kai, ki kunna tashar talabijin ta jamhuriyar, BST, wadda ke da shirye-shirye da harshen, ki kuma je kasuwa wurin masu sayar da zuma da man shanu da suka shigo daga ƙauyuka. Ki gaishe su da Һаумыһығыҙ (hawmıhıghıdh), ki kira mace апай (apay), namiji ағай (aghay), in kin karɓi kayanki ki ce рәхмәт (räkhmät). Ki ɗauki ƙaramin littafi, a makon farko kada ki rubuta komai sai jimlolin da kika ji тип a cikinsu, a mako na biyu masu -һа, a na uku masu -ғас. In kin tara goma-goma, ki aiko mini da su ta wannan fili mu warware su tare.